Burtun Turawa: Na'urar da Ke Kiran Tantabarar Daji a Gonakin Ingila

Makiyayan da ke mashaya da rediyo a rataye, da 'yan kasuwar da ke layin kwastan ko na duwan suna jiran a buga musu hatimi, sannunku da ƙoƙari. Yau hirarmu za ta kai mu Ingila, mu ga wata na'ura da maharban can ke haɗawa a gida da tarkacen tsohuwar mota. A ƙarshe kuma akwai maganar doka, wadda ta shafi duk mai riƙe da bindiga a wannan yanki namu, don haka a bi mu har can.

Mu fara da tsuntsuwar. Tantabarar daji ce, ta fi hasbiyarmu girma, nauyinta ya kai kusan rabin kilo. Launinta toka-toka, da farin tabo a wuya, da farin zane a kowane fiffike wanda ba ya fitowa sosai sai ta tashi sama. Ku riƙe wannan farin zanen, za mu dawo kansa. A Birtaniya masana tsuntsaye sun ƙiyasta ma'auratanta sun haura miliyan 5. Da hunturu takan sauka garke-garke a gonakin wani tsiro ɗan dangin kabeji, mai rawayan fure, wanda ake matse man girki daga ƙwayarsa, ta cinye ganyen tun yana ƙarami. Lokacin shuka ta tsince iri, gab da girbi ta faɗa wa alkama da sha'ir. Wanda ya taɓa ganin jan-baki a gonar gero ya san irin baƙin cikin manomin can.

Dabarar kiranta tsohuwa ce. Tantabara tana sauka ne inda ta hango 'yan uwanta suna kiwo, kamar yadda saniya ke bin garke ba tare da ta tambayi inda aka dosa ba. Sai maharbi ya jera tantabarun roba ko matattu a ƙasa, ya ɓuya cikin raga a gindin shinge. Wani tsohon soja, Manjo Archie Coats, ya fitar da littafi a kan wannan sana'a a 1963, har yau maharban can suna ambatonsa. Matsalar ita ce abin da aka jera a ƙasa ba ya motsi, tsuntsuwar da ke wucewa daga nesa ba lallai ta kula ba. A shekarun 1990 sai na'ura mai juyawa ta bazu a hannun maharba, suka sa mata suna maganaɗisun tantabara. Mu nan mun san dangin wannan wayo: maharbin Hausa yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana kaɗa kai, namun daji su ɗauka tsuntsu ne. To, wannan burtu ne mai batir.

Ga yadda ake haɗa ta. Zuciyarta injin waifa ne, wato ɗan injin da ke motsa magogin gilashin mota. Kuna ganin waifa tana kai da komo, amma shi injin zagaye yake yi ba tsayawa, sandunan da ke haɗe da shi ne ke mayar da zagayen ya koma kai da komo. In aka kwance sandunan, sai a sami inji mai juyawa a hankali da ƙarfi, saboda giyar da ke cikinsa tana rage gudu ta ƙara ƙarfi. A ƙaramin gudu yakan yi zagaye wajen 40 zuwa 45 a minti ɗaya, kuma da batir mai bolt 12 yake aiki. Irinsa na nan jibge a wajen masu sayar da kayan gyaran motoci 'yan Kwatano, daga Maraɗi har Kano.

Na farko, a gane wayoyi. Yawanci akwai wayar ƙaramin gudu, da ta babban gudu, da waɗanda ke mayar da waifa mazauninta in an kashe. A da yawa daga cikin injinan, jikin ƙarfen shi ne ke karɓar baƙar wayar batir. Sai a taɓa jar wayar ga kowace ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi ta ƙaramin gudu, sauran a naɗe su da salatif. A sa makunni, a sa fis kusa da batir, don in waya ta haɗu fis ɗin ya ƙone maimakon batir ya ɗau zafi a cikin busasshiyar ciyawa.

Na biyu, ƙafa. Mai walda zai haɗa faranti na ƙarfe da za a ɗaure injin a kai da noti, bakinsa na kallon sama, da ƙafafu uku masu tsini da za a taka su nutse a ƙasa. In ƙafar ba ta kafu ba, na'urar za ta yi ta rawa har ta kife.

Na uku, hannuwa. A kan bakin injin a ɗaura ɗan guntun ƙarfe mai kafa biyu, a zura siraran rodi biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowane tsawonsa mita 1 da 'yan kai, ƙarshensu ya ɗan ɗaga sama. A ƙarshen kowane rodi akwai mariƙi na waya mai kauri: tsinke ɗaya ya riƙe jikin matacciyar tantabara, biyu su buɗe fikafikanta. Dole nauyin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Mai jaki ya san abin da ke faruwa in mangala ta rinjayi gefe guda. A nan ma haka ne, injin zai wahala, batir ya mutu da wuri. Daga nan a shafe komai da fenti kore ko ruwan ƙasa mara sheƙi, domin ƙarfe mai walƙiya korar tsuntsu yake yi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Hannu mai tsawon mita 1.2 yana zana da'ira mai kewayen mita 7.5. A zagaye 40 cikin minti ɗaya, tantabarar da ke bakinsa na yin mita 300 a minti, wato kilomita 18 a awa. Daga nesa sai ta yi kama da wadda ke shawagi za ta sauka, farin zanen nan na fiffike yana ɓullowa yana ɓacewa. Shi ne ke jawo idon masu wucewa. Batir kuma, in an rubuta 7Ah a jikinsa, injin yana jan amfiya 2, a takarda awa 3 da rabi ke nan, a gona bai kai haka ba. Shi ya sa mai niyyar wuni ke ɗaukar babba ko ya riƙe biyu.

Wurin kafawa ma ilimi ne. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka. Don haka ana jera na ƙasa kamar kofaton doki, bakin a buɗe ta inda tsuntsayen za su shigo, na'urar a can gaba ta wajen da iska ke fitowa, taku 25 zuwa 30 daga maɓoya. Kuma ba kullum take ci ba. Inda aka yawaita amfani da ita, tantabaru kan gane, su hango ta su kauce. Gwanaye in sun ga haka sai su kashe ta ko su janye ta gefe.

Yanzu doka. A Ingila dokar kare namun daji ta 1981 ta kare duk tsuntsun daji. Harbin wannan tantabara ya halatta ne a ƙarƙashin wani izini na gama-gari, don hana mummunar ɓarna ga amfanin gona. Sai da takardar bindiga daga 'yan sanda, sai da yardar mai gona. Dokar ta hana ɗaure tsuntsu mai rai ko nakasasshe a yi tarko da shi, ta hana kunna kukan tsuntsu da aka naɗa. A watan Afrilun 2019 hukumar Natural England ta soke irin wannan izini bayan ƙungiyar Wild Justice ta kai ƙara, manoma suka yi ta kuka ana tsakiyar shuka, sai da aka fitar da sabo.

To, mu fa? A Nijar akwai dokar farauta ta 1998, a Najeriya akwai dokar bindigogi tun 1959. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne a duka biyun, tsallaka iyaka da ita kuma ya fi muni, balle a wannan zamani da jami'an tsaro ba sa wasa da maganar makami. Kada naman tantabara ya ja wa mutum rasa garke ko jari. Injin waifa da rodi ba laifi ba ne, bindigar ce abin tambaya. Mai lasisi ma ya tuna harsashin warwatse yana iya yin tafiyar mita 200 da ɗoriya, kuma bayan shinge ana iya samun yaro da tumaki.

Manomi kuma ya lura: wannan na'ura kira take yi, ba kora ba. Amma ƙafar da injin da batirin suna nan. A cire tantabarun, a rataya gwangwanaye da ledoji masu sheƙi, ta zama mutum-mutumi mai motsi da ƙara. Sai dai a riƙa canza mata wuri duk bayan kwana biyu, don tsuntsu yana sabawa, kuma a kashe ta kafin yaro ko dabba su matso, rodi mai juyawa yana iya fasa ido.

Masu walda da kanikawan da ke jin mu, in wani ya gwada haɗa ta korar tsuntsaye, ya aiko mana da labarin awa nawa batirinsa ya yi. Sai mako mai zuwa, a sauka lafiya.