YINI ƊAYA CIKIN KWALEKWALE A FADAMAR GULMA

Jawabin da wani malamin gona ya yi wa manoma da masunta da makiyaya a garin Gulma, Ƙaramar Hukumar Argungu, Jihar Kebbi.

 

Yau ban zo da zancen taki ko iri ba. Labarin wata tafiya na kawo maku. Tafiya ce ta yini ɗaya, kuma ba wata ƙasa muka je ba. Cikin fadamarku muka shiga da kwalekwale, muka yini, muka dawo. Na daɗe ina aikin gona a wannan yanki, ina tsammanin na san fadama. Ashe bakinta kawai na sani. Gani ya kori ji.

A watan Oktoban da ya wuce ne, lokacin da ruwa ya fara ja da baya. Mu shida muka tafi: ni, da manoman shinkafa biyu, da wani Bafulatani makiyayi, da saurayin da ke tuƙi, sai jagoranmu. Jagoran wani dattijo ne masunci, Bakabe, wanda ya gaji su iyaye da kakanni. Baba muke ce masa. Da gangan na haɗa manomi da makiyayi da masunci a jirgi ɗaya. Nan gaba za ku ji dalili.

Bayan sallar asuba muka hallara a bakin ruwa. Mun riƙo ruwan sha, da fura, da malafa saboda rana. Kafin kowa ya sa ƙafa, Baba ya ƙidaya mu, ya dubi jirgin. Wasu samari biyu suka roƙa a tafi da su, ya ƙi. Ya ce mini, "Malam, jirgi yana da iyaka. Wanda ya ɗora masa fiye da ƙarfinsa, shi ya jawo wa kansa." Nan na tuna da hatsarin jirgin ruwa na Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, cikin watan Mayu na 2021. Jirgin ya yi lodi fiye da kima, ya nutse a kogin Kwara, mutane masu yawa suka rasu. Allah ya jiƙan su. Saboda haka kowannenmu ya sa rigar ceto, har waɗanda suka iya iyo.

Da muka kama hanya, na tambayi abokan tafiya ko sun san daga ina ruwan nan yake zuwa. Bari in gaya maku abin da na gaya masu. Gulbin Rima ba daga wuri ɗaya ya fito ba. Wani reshensa ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Jamhuriyar Nijar ta Maraɗi, ya sake dawowa Nijeriya. Wasu rassan, kamar Gagare da Bunsuru, suka haɗu da shi. Ya bi ta Goronyo, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ya gangaro ta Argungu, ya wuce mu, ya wuce Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya faɗa kogin Kwara. Ke nan ruwan da aka yi a Katsina da Maraɗi da Zamfara shi ne ke shayar da shinkafar Gulma.

Ba mu yi nisa ba sai ruwan ya rarrabu. Hanya ta zama uku, ta zama biyar, kowace tana ratsa ciyawa. Ni duk ɗaya nake ganin su. Baba kuwa ko waiwaye bai yi ba, sai ya nuna wa mai tuƙi da hannu. Ya ce wannan ta ɓulle gulbi, waccan ta mutu a cikin tafki, waccan kuma akwai gurbi mai zurfi a bakinta. Da ni kaɗai ne, da har dare ina kewaya wuri ɗaya. Shi ya sa ba a shiga fadama lokacin cikar ruwa sai da ɗan gari.

Irin wannan wuri, inda ruwa ke bazuwa ya rarrabu, ba mu kaɗai ke da shi ba. Can kudancin ƙasar nan, inda Kwara ke shiga teku, kogin ya rabu rassa da yawa. Shi ne yankin da kuke ji a rediyo ana kira Neja Delta. A ƙasar Mali ma, tsakanin Mofti da Tumbuktu, Kwara na bazuwa kowace shekara ya rufe ƙasa mai faɗin gaske. A wurare irin waɗannan baƙi kan biya kuɗi a zaga da su cikin jirgi, su ga tsuntsaye da masunta. Mu ga namu a ƙofar gida, amma da yawanmu ba mu taɓa zaga shi ba.

Zangonmu na farko gonakin shinkafa ne. A wani lungu mai zurfi muka tarar da shinkafar gargajiya, irin wadda kakanninmu suka noma. Ita tana da wata baiwa. In ruwa na ƙaruwa a hankali, ita ma tana ƙara tsawo, kanta na sama. Amma in ruwa ya zo gaba ɗaya cikin dare, ba ta iya cim masa, sai ta nutse. Ɗaya daga cikin manoman ya nuna mana inda gonarsa take a 2020, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. Ya ce ko buhu ɗaya bai ɗauka ba. Kafin nan ma, a Satumba 2010, ruwa ya yi irin wannan ɓarna tun daga Goronyo har ƙasarmu.

Baba ya saurare shi har ya gama. Sai ya ce, "Gaskiya ne, ruwa in ya yi yawa musiba ne. Amma shekarar da bai fito fadama ba, ita ma musiba ce, sai dai ba ta da ƙara." Dattawa a nan sun san abin da yake nufi. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. An gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992. Madatsun nan sun kawo amfani, ruwan sha da noman rani. Amma sun canza yadda ruwa ke cika fadama. Bayan Bakolori, wuraren da ruwa ke rufewa a da sun ragu, shinkafar damina da kifi suka ragu tare da su. Yau lokacin zuwan ruwa ba ga sama kaɗai yake ba, har da lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsa. Don haka duk mai gona a fadama ya riƙa sauraron sanarwa a rediyo.

Da hantsi muka shiga wani fili da ruwa bai wuce gwiwa ba. Ciyawar burgu ce ko'ina, ga bado ya buɗe fure, ga kainuwa na yawo. Balbela da zalɓe na kiwo, kirinjijiya ta tashi garke guda da ta ji motsinmu. Baba ya sa aka tsayar da jirgi. Ya sa ƙwarya ya ɗebo ruwa daga gindin ciyawa, ya miƙo mana. Jama'a, 'ya'yan kifi ne a ciki, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ba su ƙidayuwa.

Ya ce mana nan ne ɗakin haihuwar kifi. In ruwa ya fara cika, tarwaɗa da gargaza da balli da sauransu sukan bar gulbi su fito fadama su yi ƙwai cikin ciyawa. 'Ya'yan na samun abinci a nan, suna kuma ɓuya daga manyan kifaye. In ruwa ya fara janyewa, sai su bi shi su koma gulbi da tafkuna. Gaiwa kuwa ba ta komawa. Ita takan shige cikin laka ta kwanta har wata damina.

Sai Baba ya juya ga Bafulatanin nan, ya ce, "Kai ma da hannunka a cikin kifin nan." Muka yi dariya, amma ba wasa yake yi ba. Da rani shanu na kiwo a fadama, suna cin burgu da karan shinkafa, suna barin kashi. In ruwa ya zo, kashin nan ya zama taki. Shi ke ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, shi ke ƙara wa gona ƙarfi. Ruwan kuma ya kawo sabuwar laka, ya tsirar da burgu don shanu. To kun ga dalilin da ya sa na haɗa su a jirgi ɗaya. Fadama ɗaya ce, amma mutum uku take ciyarwa, kowa da lokacinsa. In ɗaya ya shiga lokacin wani, duka uku za su yi asara.

Mutanen Masina, a can Mali, sun gane haka tun da daɗewa. Bayan Shehu Amadu ya kafa daularsa a 1818, an tsara hanyoyin shanu, da wuraren burgu, da lokacin da garke zai shiga fadama. Har yanzu ana tunawa da wannan tsari a can. Mu ma muna da burtali da mashaya da iyayenmu suka ware. Da yawa an nome su. Shi ya sa rigima ke tashi duk kaka.

Da azahar muka sauka a wani tudu inda masunta suka yi bukkoki. Muka yi salla, aka gasa mana kifi. Mata na banda, yara na gyaran koma. A nan na ga abin da ya tayar mini da hankali. An shanya wani abin kamun kifi, na duba, ashe gidan sauro ne, irin wanda ake rabawa don kare yara daga zazzaɓi. A gefe ga tarin ƙananan kifaye, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Wanda ya cinye iri, me zai shuka baɗi?" Ya ce da ƙuruciyarsa kamun safiya ɗaya na ciyar da gida har a kai kasuwa. Yau sai mutum ya yini bai cika ƙwarya ba.

Akwai abin da ya fi gidan sauro muni, wato zuba guba a ruwa, irin su gamalin da sauran magungunan ƙwari. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami da ƙwai. Shanu su sha, mutane su sha, mai cin kifin ma bai tsira ba. Ku sani dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana kamun kifi da guba, ko abin fashewa, ko wutar lantarki. Haka kuma mu masu noman rani, mu daina wanke abin feshi a cikin gulbi ko tafki.

Wani zai ce, in an bar kifi ya huta, da gaske zai dawo? Amsa na nan kusa da mu, a Matan Fada. Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu. An fara shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A bikin 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Me ya sa ake samun irin wannan giwan ruwa a can? Saboda Sarkin Ruwa da mutanensa na tsare wurin, ba a su a cikinsa sai ranar da aka ba da izni. Abin da aka yi wa Matan Fada, ana iya yi wa tafki ɗaya ko biyu a ƙasar Gulma.

Kafin mu bar tudun, na lura da yara na wanka a wani kududdufi da ruwansa ba ya gudu. Iyaye mata, ku kula. A irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, daga wata tsutsa da ke fitowa daga jikin katantanwa. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

Da la'asar sakaliya Baba ya ce a juya. Na so mu ƙara gaba kaɗan, ya ce a'a, ba a bari dare ya riski jirgi a kan ruwa. Muka iso gida kafin magariba. A hanya na ji manomin nan da makiyayin suna shawarar ranar da za a gama girbi, don shanu su shiga bayanta. Da safe ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

To jama'a, ga roƙona, abu huɗu ne. Na ɗaya, masunta su daina amfani da gidan sauro da guba, a kuma ware tafkin da za a bari ya huta, bisa jagorancin sarakunan ruwa. Na biyu, manoma su bar burtali da mashaya a buɗe. Na uku, makiyaya su jira a kwashe amfanin gona kafin su shigo da shanu, a kuma sa ranar tare a gaban hakimi. Na huɗu, kowace unguwa ta shirya irin wannan tafiya sau ɗaya a shekara. A nemi dattijon da ya san ruwa, a biya shi haƙƙinsa, a tafi da matasa. Abin da ke cikin kan irin su Baba ba a rubuce yake ba. In suka tafi ba mu tambaye su ba, ya tafi ke nan.

Kabawa sun shahara da ruwa tun zamanin Kanta. Iyayenmu sun bar mana fadama da kifinta da burgunta. Mu yi ƙoƙari mu bar wa 'ya'yanmu ita kamar yadda muka same ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari, ya zaunar da mu lafiya.