Zaɓen Keke da Taya Don Hanyoyin Karkarar Kafanchan



Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, mutane da yawa waɗanda suka jingine keke suka koma babur sun fara waiwayensa. Malamin gona mai zagayen ƙauyuka, da malamin makarantar da ke kwana a gari yana koyarwa a ƙauye, da ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, duk abu ɗaya suke nema, watau keke marar nauyi wanda zai yi sauri a hanyar da ba kwalta, ya kuma komo da su gida kafin magariba. In na ce keke, basukur nake nufi, kamar yadda iyayenmu ke faɗi, ba na ɗinki ko mai ƙafa uku ba.

Kafin mutum ya je kasuwa ya kamata ya dubi hanyar da zai riƙa bi. Daga Kafanchan zuwa Kagoro ko Zonkwa akwai kwalta, amma da zarar an ratse zuwa ƙauyuka sai jar ƙasa da tsakuwa. Da rani ga gargada da rairayi. Da damina kuwa, wadda kan kama daga Afrilu har Oktoba, ruwanmu ya fi na Kano da Katsina yawa, ya kan zaizaye hanya ya bar laka mai santsi. Ga kuma hawa da gangara, musamman a gindin duwatsun Kagoro.

Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, ba wanda zai rena shi. Ya kai buhunan citta kasuwannin Kwoi da Kachia ba adadi, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Amma jakin kaya ne, ba dokin sukuwa ba. Nauyinsa ya kan kai kilo 20, giyarsa ɗaya ce, birkinsa kuma ba ya kamawa sosai in rim ya jiƙe. Keken tsere mai siririyar taya, wanda samari ke sha'awa, na kwalta ne kurum. Keken hawan dutse mai ƙatuwar taya zai bi ko'ina, sai dai da jan ƙafa. Abin da ya dace da mu yana tsakanin waɗannan biyu: keke mai giya, mai nauyin kilo 11 zuwa 14, wanda ke da filin ɗaukar taya mai matsakaicin faɗi. Ana samunsa cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su. Shawarata ita ce a guji mai arahar nan da aka sa wa sifirin gaba da baya don ado, gama nauyi ya kan ƙara, kuma in ya lalace ba mai gyara shi a ƙauye.

To, yanzu sai maganar da ta fi kowace cin kuɗin mutane, watau girman ƙafa. Mai saye ya kan ji an ce ƙafar keke inci 28 ce, ya ɗauka duk tayar da aka rubuta wa 28 za ta shiga. Ba haka ba ne. A dubi gefen taya, za a ga lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, alal misali 40-635 ko 40-622. Ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu kuma girman rim ɗin da za ta zauna a kai. Baƙin keke 635 ne. Yawancin kekuna marasa nauyi da ke zuwa daga Turai 622 ne, ko da yake su ma a kan rubuta musu 28, wani lokaci 700C. Bambancin milimita 13 ne kacal, amma ko mutum zai kwana yana fama, tayar wannan ba ta hawa ƙafar wancan. Haka kuma inci 26 ya kasu: na keken hawan dutse 559 ne, na waɗansu kekunan gwanjo na cikin gari kuwa 590. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, rubuta lambar nan a takarda, ka zaga wurin masu sayar da kayan keke a Kafanchan ka tambaya ko suna da ita. In sai an je Kaduna ko Jos kafin a samu, to, ran da taya ta yage keken ya zama kayan ɗaki.

Game da faɗi, milimita 35 zuwa 45 shi ne daidai ga hanyoyinmu. Da can an ɗauka siririyar taya ce mai sauri a ko'ina, amma a kan tsakuwa tsalle-tsalle take yi, ƙarfin mahayi ya tafi a banza, ta kuma nutse in ta sami rairayi. A nemi mai ƙananan haƙora a tsakiya da manya a gefe. Tsakiyar ta ba da gudu, gefen ya riƙe ƙasa a kwana. Wanda zai riƙa bin laka cikin Agusta ya sa mai manyan haƙora a gaba, domin in ƙafar baya ta zame a kan iya gyarawa, amma in ta gaba ce sai ƙasa. A kuma tabbata akwai filin da ɗan yatsa zai shiga tsakanin taya da ƙarfen keke, in ba haka ba jar laka za ta cushe wurin ta tsai da ƙafa cak.

Sa'an nan iska. A nan ne nake da ja da masu facinmu, waɗanda kan buga taya har ta yi tauri kamar dutse suna ganin alheri suka yi. Da can wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop, a birnin Belfast, ya sa wa keken ɗansa mai ƙafa uku taya mai iska don ta shanye girgizar hanya. Wanda ya cika ta fiye da kima ya ɓata wannan hikima. Ga mutum mai nauyin kilo 70 a kan taya mai milimita 40, lamba 35 zuwa 45 a ma'aunin masu faci ta isa, ta baya ta ɗan fi ta gaba. Amma kada a rage ƙwarai. In ka ciro tiyub ka ga huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, rim ne ya danne shi a kan dutse saboda ƙarancin iska. Akwai tayoyin zamani marasa tiyub, waɗanda ake zuba wa wani ruwa mai toshe huji. Suna da kyau, amma ruwan ya kan bushe cikin 'yan watanni a zafinmu, samunsa kuma da wuya. Ni dai tiyub na fi amince wa.

Ƙafar kanta a zaɓi ta alminiyam mai wayoyi 32 ko 36. Mai saye ya ɗaga keken ya juya ta, ya duba ko tana rawa, kana ya matsa wayoyin bibbiyu ya ji ko akwai sako-sako, ya kuma girgiza ta gefe da gefe don ya san lafiyar boris. Bawul ma a duba shi. Siririn nan na kekunan tsere sai da famfonsa na musamman, amma mai kauri irin na babur da mota, duk mai facin da ke bakin hanya daga Godogodo har Manchok yana iya ba shi iska.