Gawo da Kututture: Hanyar Raya Ƙasar da ta Mutu



Kowace damina mukan ga an shirya bikin dashen itatuwa. Manya su zo, a dasa darbejiya da itacen turare, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta kewayo, awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu. Abin da nake so mu tattauna a yau shi ne, shin babu wata hanya da ta fi wannan?

Akwai, kuma ba nesa take ba. Bayan farin 1973, ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An kashe kuɗi masu yawa wajen dasa baƙin itatuwa, amma kaɗan ne suka rayu. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka shiga shawartar manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi da wuta. Mutanen wurin suka raɗa wa wannan aiki suna sassabin zamani. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, an ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi ba tare da dashe ba.

Dalilin wannan nasara a fili yake. Tohon kututture yana da tsohuwar saiwa wadda ta riga ta kai ga laima, alhali kuwa dashen da aka ɗauko daga gandun reno sai an yi ta ba shi ruwa. Sa'an nan itacen gida ya saba da ƙasarmu da raninmu. Ku dubi gawo. Da damina, lokacin da gero yake bukatar rana, sai ya zubar da ganyensa ya zama taki. Da rani kuwa sai ya yi kore, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da za su ci. Saiwarsa kuma tana tara sinadarin naitirojin wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ba banza ba sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka hana sare shi. Haka nan kuka tana ba mu miya, ɗorawa tana ba mu daddawa, kaɗanya mai, bagaruwa kuwa da ita majema ke jima. Sabara da kalgo suna tare ƙasa kada iska ta kwashe ta, gamba kuma tana riƙe bakin kwazazzabo.

Ban ce baƙon itace ba shi da amfani ba. Darbejiya, wadda asalinta Indiya ne, ta ba garuruwanmu inuwa. Amma itacen turare mashayin ruwa ne ƙwarai, kuma amfanin gona ba ya jin daɗi a gindinsa. Wanda ya cika gona da shi ya sami itacen rufi, ya rasa hatsi.

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu gobe su ne za su zauna a ma'aikatun gona da na gandun daji, su ne za su tsara kasafin kuɗin dashe, har da na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Idan ranar ta zo, kada mu auna nasara da yawan abin da aka dasa, mu auna ta da abin da ya rayu bayan shekara uku. Kuma a tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne, domin babu mai wahalar renon abin da za a ci shi tara idan ya taɓa.

Ina roƙon wannan ƙungiya ta nemi izinin wani fili a harabar makaranta, mu kewaye shi, mu reni kututturan da ke ciki, mu shuka tsamiya, aduwa, magarya da kurna. Wanda ya je gida hutu kuma, ya zagaya gonar mahaifinsa kafin a yi sassabe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.