Kuɗin loto da ajin zana: abin da na faɗa a zaman matasa da iyaye a Korgom

 

An ce in yi magana kan wata shawara da ke yawo a fadodin shayi: wai tunda ba a iya hana caca ba, gara gwamnati ta riƙe ta da kanta, ta faɗaɗa ta, ribar a zuba ta a lakwal da likita. Wasu ma cewa suke a halatta ta. To abu na farko, a wajen doka an riga an halatta ta tun kafin a haifi yawancinmu. Kamfanin loto na ƙasa, LONANI, tun 1966 yake, kuma na gwamnati ne. Shi ke da PMU, wato cacar sukuwar dawaki da ake yi a Faransa, mutum na zaune a Maraɗi yana zaɓen dokin da bai taɓa ganin ƙurarsa ba. Shekara kusan 60 ke nan. Saboda haka ba gwaji za a fara ba, an daɗe ana yi, kuma muna da damar tambayar mi ya fito.

Hukuncin addini ba nawa ba ne, ga malamai nan zaune, sun fi ni sanin abin da ya zo a Baƙara da Ma'ida kan caca. Ni dai ban taɓa jin malamin da ya ce hatimin gwamnati yana canza hukunci ba. Abin da zan yi shi ne lissafi.

Yadda PMU ke aiki ba ɓoye ba ne. Ana tara kuɗin duk waɗanda suka yi wasa wuri guda, a cire kason kamfani da na baitulmali, abin da ya saura a raba wa waɗanda suka ci. Wato tun kafin dawaki su tashi, taron masu wasa ya riga ya yi asara, saura kawai a san wa za ta faɗa wa. In dawaki 16 ne a fili, hanyoyin jera uku na farko bi da bi sun kai 3,360. In huɗu ne, 43,680. Za ku ce ai akwai masu karanta takarda, masu sanin doki. Haka ne, amma kowa takardar nan yake karantawa, kuma in dokin da kowa ya zaɓa ya ci, abin da za a raba ba ya da yawa.

Ina da ɗan wa, ɗan kabu-kabu. Shi tasa cacar ta ƙwallo ce, a waya, ya koyo ta wajen cin rani. Na zaunar da shi na ce, kai yaro, nawa kake sawa a rana? Ya ce Baba ai ba komai, dala arba'in ce. Muka lissafa tare. Dala arba'in sau 30, jika 6 a wata. A shekara jika 73. Ya yi shiru. A shekarar nan matarsa ta haihu, sai da aka ci bashi kafin a yanka ragon suna. Kuma dala arba'in ɗin ta ranar da ya yi hankali ce, ranar da ya so rama asara bai gaya mini ba.

Wannan shi ne abin da ke damuna a shawarar. Kuɗin loto lanho ne, sai dai lanho ne da ba a karɓa gwargwadon dukiya. Alhaji mai tireloli ba ya jiran doki ya canza masa rayuwa. Mai jira shi ne wanda damina ta ba shi damin gero kaɗan, wanda ya gama karatu babu aiki. In gwamnati ta jingina gina aji da wannan kuɗi, to ranar da matasa suka daina caca, ranar ce asusun zai bushe. Ashe sai ta riƙa yi musu talla kada su daina.

Ban raina buƙatar ba, wallahi. Ba wanda ya manta 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta kama azuzuwan zana a birnin Maraɗi, yara ƙanana sama da 20 suka rasu, bayan irinta a Yamai cikin Afrilun shekarar. A lokacin gwamnati da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar. Mu nan mun san su, mu ke kai kara bayan girbi, shi ya sa karatu ba ya kankama da wuri. Duk wanda ya ce ga kuɗin gina aji, dole a saurare shi.

Amma a duba inda aka gwada. Ingila ta buɗe loto ta ƙasa a 1994, an ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikiti don ayyukan jama'a, kuma ana buga jerin ayyukan, kowa na iya neman na garinsu. Wannan ɓangaren sun kyauta. A Amurka jihohi da dama sun ce ribar ta ilimi ce, sai aka ga a wasu wuraren kuɗin loto na shigowa ta ƙofa, kason da aka saba ba makarantu na fita ta taga. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi doka a 2005 da asusun raba ribar, har a Nuwamba 2024 kotun ƙoli ta ce sha'anin caca na jihohi ne. A Kano kuwa Hisbah shagunan take rufewa.

To mu fa? Muna ganin labarin kyautar da LONANI ke yi lokaci zuwa lokaci, ba mu musa ba. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Kyauta mai ita ke zaɓen inda zai kai, yaushe, da nawa. Abin da ya kamata mu nema shi ne takarda: a shekara nawa aka tara a jihar Maraɗi, nawa aka mayar wa masu wasa, nawa ya shiga baitulmali, nawa ya dawo a matsayin aji ko rijiya, kuma a wace karamar hukuma. Wannan ba abu ne mai wuya ba. Asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoba 2023 ana bayyana gudunmawar da yake samu a bainar jama'a. In ana iya wannan, ana iya wancan.

Ra'ayina, kuma wanda bai yarda ba ga lasifika nan bayan na zauna: kada mu goyi bayan faɗaɗa loto da sunan lakwal. Ajin ɗiyanmu a sa shi cikin kasafin kuɗin ƙasa, daga lanho, da man fetur, da yuraniyom, inda za mu iya bin sawunsa. Wadda ke akwai kuma, tunda ba gobe za a rufe ta ba, a bayyana lissafinta, a hana yara ƙanana kusantarta da gaske, a sa ido kan ta waya, don ita ce ta shigo mana har cikin ɗaki ba tare da rumfa ba.

Na kawo daftarin wasiƙa zuwa ga shugaban riƙo na karamar hukumarmu, da kwafi ga perfe na Tasawa, tambayoyin nan huɗu ne kawai a ciki. Za a karanta ta yanzu da Hausa, sannan da Faransanci. Wanda ya amince ya sa hannu ko ya dangwala. Iyayenmu mata, da ku za a fara.