Farfaɗo da Gasar Zari-Ruga ta Ƙasa a Ostiraliya: Nawa Za Ta Ci, Kuma Wa Zai Biya?

An nemi mu yi magana a kan harkar wasanni da kuɗin da ke tafiyar da ita, sai muka ga ya fi amfani mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Misalin shi ne na ƙasar Ostiraliya, wadda sau biyu tana kafa gasar ƙwallon zari-ruga ta ƙasa, sau biyu gasar tana rushewa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, zari-ruga iri biyu ne: akwai na 'yan wasa goma sha biyar a kowane ɓangare, akwai na goma sha uku, kowane da hukumarsa. Maganarmu a kan na goma sha biyar ce. A wannan fage Ostiraliya ba kanwar lasa ba ce, domin ta ɗauki kofin duniya a 1991 da 1999, ta kuma karɓi baƙuncinsa a 2003, inda Ingila ta doke ta da ci 20 da 17 a wasan ƙarshe a Sidni. Duk da ta rasa kofin, hukumar wasan ta fita da ribar da ta haura dalar Ostiraliya miliyan 40.

Matsalar ta samo asali ne daga tsarin wasan. Tun da aka mayar da shi sana'a a 1995, ƙasar ta kasance da hawa biyu: a sama akwai ƙungiyar ƙasa, wato Wallabies, da manyan ƙungiyoyin jihohi masu buga gasar Super Rugby, a ƙasa kuma akwai kulob-kulob na unguwanni masu buga gasar Shute Shield a Sidni da takwararta ta Birisben. Tsakani babu komai. Yaron da ya yi fice a unguwarsu sai dai ya yi tsalle guda ya faɗa cikin ƙwararru, ko kuwa ya tattara ya tafi Faransa ko Japan, ko ya koma wasan 'yan goma sha uku. Abokan hamayyarsu ba haka suke ba. Afirka ta Kudu tana da Currie Cup tun ƙarshen ƙarni na 19, Niyuzilan kuma tana da gasar larduna ta NPC tun 1976. A nan ne ake gasa matasa kafin a ɗora musu babban nauyi.

A 2007 aka yi yunƙurin farko, wanda aka kira Australian Rugby Championship. An haɗa ƙungiyoyi takwas, aka baza su daga Perth zuwa Malbon, Kambera, Sidni da Birisben, aka buga daga Agusta zuwa Oktoba, Central Coast Rays ta ɗauki kofi. Waɗanda suka kalla sun yaba da ingancin wasan. Amma da aka zauna lissafi sai aka tarar an yi asarar dala miliyan 4.7 a kaka guda, wato kusan dala dubu 590 a kan kowace ƙungiya. John O'Neill, wanda ya dawo shugabancin hukumar a wannan shekara, bai jira kaka ta biyu ba. A watan Disamba aka soke gasar.

Ya dace mu ɗan tsaya a nan mu tambaya, ina kuɗin suka tafi? Abu na farko shi ne faɗin ƙasar. Daga Perth zuwa Sidni ya fi kilomita dubu uku, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a jirgin sama, kuma ba mutum ɗaya za a ɗauka ba. Akwai 'yan wasa sama da ashirin, ga masu horarwa, ga likita da masu tausa, kowa da kujerarsa a jirgi da gadonsa a masauki. Sai albashi, da hayar fili, da inshorar rauni, wadda a wasa irin wannan na gwabza ƙashi ba a yi mata rowa. Duk waɗannan ana biyansu ko mutum dubu ashirin ne suka shiga kallo ko ɗari biyar. To, ɗari-ɗarin da 'yan dubban ne suka fi zuwa, saboda yawancin ƙungiyoyin sababbi ne fil, ba su da tarihi, ba wanda ubansa ko kakansa ya taɓa sa rigarsu. Mutumin Randwick ko Manly yana da kulob ɗinsa tun tale-tale; da ƙyar ka sa shi ya bar gida don wata ƙungiya da aka raɗa wa suna jiya a ofis.

Bayan shekara bakwai, a 2014, a zamanin Bill Pulver, aka sake ɗaura ɗamara da National Rugby Championship. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka wannan karon an yi taka-tsantsan. An fara da ƙungiyoyi tara, aka ɗora yawancin ɗawainiyarsu a kan jihohi da kulob-kulob da suka haɗa gwiwa, aka samu gidan talabijin na Fox Sports da kamfanin Buildcorp suka tallafa. Har dokokin maki aka sauya, aka rage darajar bugun fanareti zuwa maki biyu don a ƙarfafa gudu da ƙwallo. Brisbane City ta ɗauki kofin a 2014 da 2015, Perth Spirit a 2016, Queensland Country a 2017, Fijian Drua a 2018, sai Western Force a 2019. Da annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da ita, kuma ba ta dawo ba.

A ganinmu annobar ta tarar da mara lafiya ne kawai. Rage wa hukuma nauyi bai rage tsadar gasar ba, ya dai mayar da ita kan wuyan waɗanda ba su da ƙarfi, shi ya sa ƙungiyoyin Sidni suka yi ta haɗewa da sauya suna. Amma kada mu yi mata rashin adalci. Fijian Drua, wadda ta shigo a 2017, a nan ta koyi tafiya, kuma a 2022 ta shiga Super Rugby. Wannan riba ce da ba ta bayyana a littafin akanta.

Masu kiran a farfaɗo da gasar sun samu babbar hujja a 2023, lokacin da Wallabies, a ƙarƙashin Eddie Jones, ta sha kashi a hannun Fiji, Wales kuma ta lallasa ta da ci 40 da 6, ta fita tun a zagayen rukuni, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Suka ce ga sakamakon rashin matakin tsakiya. Sai dai a wannan shekarar ce hukumar ta buɗe kafar rancen dala miliyan 80 daga kamfanin Pacific Equity Partners, a 2024 kuma Melbourne Rebels ta durƙushe da bashin da ya haura dala miliyan 20, aka cire ta daga Super Rugby. Mai neman abin rufin ɗaki ba ya fara zancen bene.

Asalin maganar kuwa tana wurin talabijin, domin a yau shi ne uban gidan kowace gasa. Yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da Nine da Stan daga 2021 ta dala miliyan 100 ce a shekara uku, alhali gasar AFL ta samu dala biliyan 4.5 na shekara bakwai daga 2025. Bugu da ƙari, watannin da suka rage wa gasar zari-ruga ta cikin gida, wato Satumba da Oktoba, su ne lokacin da hankalin jama'a ke kan wasannin ƙarshe na AFL da NRL, manyan taurarin kuma suna can tare da Wallabies. Ko a Niyuzilan, inda wasan ya zama jinin jiki, ana kukan tsadar riƙe larduna 14 a NPC.

Hanyoyin da ake tattaunawa ba su da yawa. Wasu na son a ɗauki zakarun kulob-kulob na Sidni da Birisben da sauran birane a haɗa su, tunda suna da magoya baya na gado. Wannan yana da daɗin ji, amma zai sa ƙwararrun matasa su taru a kulob uku ko huɗu masu kuɗi, sauran su bushe. Wasu kuma na jiran attajiri, irin yadda Andrew Forrest ya tallafi Western Force bayan an cire ta a 2017. To, gasar da ta dogara da aljihun mutum guda tana nan ne muddin ransa na so.

Abin da hukumar ta zaɓa a 2025, a ƙarƙashin Phil Waugh, shi ne mafi arha: gajeriyar gasa mai suna Super Rugby AUS, tsakanin Brumbies, Reds, Waratahs da Western Force, zagaye uku da wasan ƙarshe. 'Yan wasan suna kan albashi tuntuni, masu horarwa da filayen atisaye suna nan, sunayen ma an san su. Mu muna ganin wannan shawara ce ta hankali, ko da yake wasa uku ko huɗu ba su isa su gasa ɗan wasa ba, kuma ƙungiya huɗu ba ta buɗe ƙofa ga ɗan unguwa kamar yadda takwas ko tara suka yi.

Ziyarar ƙungiyar British and Irish Lions a 2025 ta kawo kuɗi masu kauri, kofin duniya na maza na 2027 da na mata na 2029, waɗanda aka ba Ostiraliya, su ma za su kawo. Sai dai Lions sau ɗaya take zuwa a shekara goma sha biyu, kuma tsakanin kofin 2003 da na 2027 shekara ashirin da huɗu ne. Don haka kafin a ƙara ƙungiya ta biyar ko ta shida, muna ganin dole a fara samun gidan talabijin da ya sa hannu zai biya kuɗin jirgi da masauki na aƙalla kaka biyar a jere.