Birnin Liyon: Inda Ilimi Ya Zama Jari

Ƴan kasuwa da ma'aikata, mu dubi Liyon ta ƙasar Faransa. A 1897 Marcel Mérieux, almajirin Pasteur, ya buɗe ɗakin bincike a can. A 1963 jikansa Alain ya kafa kamfanin da ya zama bioMérieux. A 1975 allurar sanƙarau ta gidansu ta kai ga ƴan Birazil wajen miliyan 90. Mi ya zaunar da masana'antun nan a wurin? Jami'a na horar da masana, asibitoci na gwada magani, masu jari na kusa. Mu da sanƙarau ya yi wa ɓarna a 1995, har yau daga waje muke jiran allura. Masu hali, jami'ar Yamai na jiranku.