Amsoshin Wasiƙunku: Tsohuwar Marsandi Mai Huci

Jama'a, wani ɗan kasuwa ya rubuto daga Funtuwa cewa tsohuwar Marsandinsa tana shan baƙin mai, kuma in ya buɗe murfin zuba mai sai hayaƙi ya buso.

To Alhaji, yawanci ringin fistin ne suka cinye, hayaƙi ke zurarewa ƙasan inji. Amma kada ka yi gaggawar sauke inji. A fara duba tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, ko toshewa ya yi. In lafiya yake, bakanike ya auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi rauni, a ɗiga mata mai a sake awo. In matsin ya tashi, ringi ne, sai a canza.

Ka riƙa sauya matatar iska, don ƙurar hanyar ƙauye ke cin ringi. Allah ya kiyaye hanya.